Filin Tambaya Da Amsa: Tsohon Yadi, Bayansa Ake Fara Dubawa

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda muka taɓo zancen masu tara tsofaffin yadudduka na aikin allura da na bugu saƙonni suke ta shigowa, wasu har da hotuna, to ga waɗanda fili ya ɗauka a wannan karon.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Maigidana yana zuwa Istanbul saro kaya, to wannan zuwan sai ya turo min hoton wani ƙaton mayafin gado da ya gani a tsohuwar kasuwarsu mai rufin nan, an cika shi da aikin allura na jajayen furanni da 'ya'yan rumman, mai shagon yace sunansa suzani, daga Bukhara yake kuma wai ya haura shekara 150. Wallahi abun ya shiga raina amma kuɗin da ya faɗa ba kaɗan bane. Ya zanyi in gane ko gaskiya yake faɗa? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Ƙanwata kafin komai ki kira maigidan kice ya koma shagon ya sa a juya masa mayafin ya ɗauko miki hoton bayansa, kusa-kusa, a bakin ƙofa inda hasken rana yake ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Hoton da kika turo min na gaba ne, kuma gaba kowa ya iya gyara shi.

Suzani kayan aure ne a ƙasashen Uzbekistan da Tajikistan, kamar dai yadda uwa take tarawa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama, su a can uwa da kaka da gwaggonni ne ke zama suyi wannan ɗinkin shekara da shekaru kafin a kai yarinya ɗakinta. Garuruwan da sukayi suna akai sune Bukhara da Nurata da Samarkand da Shahrisabz da Tashkent, kuma kowane gari da hannunsa, na Nurata sai kiga dam-dam na furanni an bar fili fari a tsakani, na Tashkent kuwa manyan da'irori ne jajaye har ba kya ganin yadin ƙasan. Mafi tsufan da suka rage a duniya na ƙarshen ƙarni na 18 ne da ƙarni na 19, saboda haka shekara 150 ba abu bane da bazai yiwu ba, sai dai irin waɗannan sun yi ƙaranci sosai, yawancinsu suna gidajen tarihi ko hannun manyan masu tarawa, yayin da sababbi kuma ake ta ɗinka su kullum tun bayan da Uzbekistan ta samu 'yancin kai a 1991 sana'ar ta farfaɗo.

Ga abunda zaki nema a hoton bayan. Tsohon suzani ba a kan yadi guda mai faɗi akeyinsa ba, domin masaƙarsu ta hannu siririya ce, falle-falle ake saƙa audugar, faɗin kowane falle yawanci bai kai rabin mita ba. Sai a jera fallayen a ɗan kama su da zare, wata mata da ta iya zane ta zana furannin da tawada, sannan a warware a rabawa matan gida kowa ta ɗauki fallenta taje tayi ta ɗinki, in an gama a haɗe. To kinga dole a wajen haɗin zaki samu fure rabinsa ya ɗan haura rabinsa ya ɗan sauka, ko jan wannan falle yafi na wancan duhu saboda ba rana ɗaya aka rina zaren ba. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ɗauka aibi ne, alhali ni shi nake fara nema. Wani lokacin ma zaki ga ɗan wurin da aka manta ba'a cike ba, layin tawadar yana nan a fili. In kuwa yadin guda ne shimfiɗeɗe, saƙarsa sumul babu kauri babu siranta a zaren, furannin hagu da dama kamar an buga su da inji, to sabo ne ko me mai shago zai rantse da shi.

Sai launi. Kafin 1856 duk duniya babu rinin kemikal, a shekarar ne wani saurayi ɗan Ingila William Perkin ya haɗa na farko, mai launin shunayya, daga nan aka samu ja na kemikal a 1868, shuni na kemikal kuma kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1897. Rasha ta ci Tashkent a 1865 ta ci Samarkand a 1868, bayan nan kayan masana'anta suka fara kwarara yankin har da waɗannan rini. Rinin gargajiya na saiwar itace da baba da ɓawon rumman in ya tsufa laushi yake yi a ido amma yana nan da ransa gaba da baya, shi kuwa na kemikal na farko-farkon nan baya jure rana, zaki ga gaban ya koɗe ya koma toka-toka amma bayan yana nan da ƙarfinsa yana ɗaukar ido. In kin ga ruwan hoda mai ƙyalli ko ruwan lemo mai kaifi ko ja ya zuba ya ɓata farin da ke gefensa, to ki rage shekarun da aka faɗa miki. Akwai kuma masu jiƙa sabon aiki a ruwan shayi su shanya a rana don yayi kamar ya tsufa, alamarsa shine dattin yayi daidai ko'ina, shi kuwa tsufa na gaskiya a bakin yadi da wajen ninki da inda hannu ke yawan kamawa yake taruwa. In akwai shafi a bayan, sau da yawa yadin Rasha ne mai bugun furanni, a ɗan ɗaga gefensa a leƙa ciki.

In mai shagon ya yarda a zare ɗan guntun zare da ya riga ya saki a gefe, a sa masa ashana. Siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake kuma tokar tana murmushewa a yatsa, auduga warin takarda, na roba kuwa narkewa zaiyi ya dunƙule yayi tauri.

Ni dai shawarata in aikin ya burge ki ki saya a farashin sabo, babu abun kunya a sabon suzani mai kyau, mata ne suka zauna suka ɗinka shi da hannunsu. Amma kuɗin tsoho sai da hujjar tsoho, a rubuta a rasit shekarun da yace da garin da yace, sannan ya sa hannu. Kuma maigida ya sani Turkiyya bata wasa da fitar da kayan tarihi, in da gaske ya haura shekara 100 to ya nemi takardar izini tun a shagon kar a tsare shi a filin jirgi.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Wani ya kawo min ƙyalle baƙi a cikin firem mai rubutun zinare yace yankin rigar Ka'aba ne na zamanin da, wai daga hannun wani Bamisire ya fito. In saya? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma. Maganar Misira ɗin tana da tushe, domin ɗaruruwan shekaru a Alƙahira ake saƙa rigar Ka'aba a kaita Makka tare da ayarin alhazai, har zuwa farkon shekarun 1960, duk da cewa Sarki Abdul'aziz ya buɗe masaƙa a Makka tun 1927, wadda ake aiki da ita yanzu a unguwar Ummul Jud ta Makka kuma an buɗe ta a 1977. A da can Banu Shaiba masu riƙe da makullin Ɗakin suna yanka tsohuwar rigar, alhazai su samu su tafi da ita garuruwansu, shi yasa ake samun yankuna na gaske a gidajen tarihi da hannun mutane. Yanzu hukumar Saudiyya ce ke yankawa tana bayarwa kyauta ga manyan baƙi da cibiyoyi.

Amma Alhaji kasan duk abunda zukatan Musulmi ke so haka, masu kwaikwayo sun fi masu na gasken yawa nesa ba kusa ba. Baƙin yadin rigar siliki ne tsantsa mai kauri da nauyi, riga ɗaya tana cin ɗaruruwan kilo na siliki, kuma kalmar shahada da tasbihi a cikin saƙar suke, baƙi a kan baƙi, sai ka karkata shi ga haske kake ganinsu suna tafiya a karkace sama da ƙasa. Rubutun zinaren kuma ba zare bane mai ƙyalli irin na bakin mayafi, waya ce ta azurfa da aka shafe da zinare, ana fara cusa zaren auduga a ƙasa harafin ya taso sannan a bi ta kai da wayar da hannu. A tsohon yanki zaka ga azurfar tayi duhu, wani wajen wayar ta karye audugar ta leƙo. Tunda a firem aka kawo maka, kace a buɗe firem ɗin ka taɓa ka juya, in ya ƙi to ka bashi kayansa. In ya buɗe kuma ya nuna alamar gaske, tambaya ta gaba itace wa ya ba wa, a wace shekara, ina takarda ko hoto. Ni ban yarda mutum ya zuba dukiya a kan “wani Bamisire” da babu suna babu gari ba.

TAMBAYA: Anti kakanmu ya rasu ya bar wata babbar riga aska takwas a adaka, babanmu yace shima gadonta kakan yayi. Tayi datti tana warin ajiya, wajen wuya ya fara yagewa. Yayana yace a kaita wajen masu wanki da guga, wani dillali kuma yazo yace zai saya ya kaiwa Turawa. Me kike gani? Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan kaka ya kyauta namu zuwan. Ɗana dan Allah kar ku kaita wanki, kar ku sa mata sabulu, kar dutsen guga ya taɓa ta. Wannan tambayar tafi sauran taɓa min zuciya, saboda muna ta maganar kayan Bukhara da Indiya alhali masu tara yadudduka na duniya rigunanmu suna cikin abunda suke nema ido rufe, akwai su a gidan tarihin Birtaniya da sauran manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 abunda yafi ɗaukar hankalinsa kenan, saƙa da rini, ya rubuta yadda kayan Kano ke kaiwa har Timbuktu da kuma Gat da Tarabulus na Libiya ta yanzu.

Ku shimfiɗa farin zani a ƙasa ku baje rigar akai ku duba da kyau. In saƙi ce ko tsamiya zaka ga siraran fallaye ne aka jera aka haɗa da allura, ka ƙirga su, yawan fallaye da sirantarsu shine darajar riga a wancan zamanin. Ka duba zaren aikin da ke kan aljihu da askakin da tambarin, in zaren tsamiya ne zaka ji shi da ɗan kaushi, launinsa fari-fari mai ƙasa-ƙasa baya walƙiya irin silikin kanti. Ka ɗaga ƙasan rigar ka duba shafin, in ka ga alharini ja mai ruwan hoda, wannan silikin ta Sahara yake zuwa daga Tarabulus a bayan raƙuma. Ka duba ɗinkin haɗin ko na hannu ne ko na keke. Duk ka ɗauki hoto.

Dalilin da yasa nace kar a wanke, zaren da ya shekara 100 in ya sha ruwa nauyinsa kawai ya isa ya yaga shi, shunin zai iya zuba ya hau farin aikin, alharinin ma haka, kuma in riga ce da ta sha bugu a wajen mabuga to ruwa na taɓa ta wannan ƙyallin ya tafi kenan har abada. Warin ajiya kuwa iska ce maganinsa, a baje ta a ɗaki mai inuwa da taga a buɗe kwana biyu uku, ba'a rana ba, ba kuma a rataye a igiya ko hanga ba don nauyinta zai ƙarasa yaga wuyan. Ƙura a share da burushi mai laushi sosai a hankali. Yagewar wuyan a barta haka, in ma za'a kama to a sa wani ƙyallen auduga a ƙasa a ɗan riƙe da allura yadda za'a iya warwarewa gobe, banda gam banda keke.

Wajen ajiya, ku samu akoko ko alawayyo ku wanke shi sosai ya fita daga sitaci, ku naɗe rigar a ciki. In dole sai an ninke to a cusa ƙyalle mai laushi a cikin kowane ninki kar ya kwanta ya karye, kuma duk bayan 'yan watanni a fito da ita a canza wajen ninkin. Kar a sa a leda a ɗaure, da damina gumi zatayi tayi fumfuna. Adakar ƙarfe tana tsatsa, ta katako kuma tana sa yadi yayi ja, to a shimfiɗa zani a ciki kafin a sa, a ɗora adakar a kan wani abu ta bar ƙasa saboda gara.

Maganar dillali kuma, dokar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da akayi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba'a sayar da shi ga kowa sai wanda hukumar ta yarda da shi kuma ba'a fita da shi ƙasar waje sai da izininta. Rigar da kakanka ma gadonta yayi tana iya faɗawa ciki. Ni da zaku ji tawa da kun riƙe abarku. Kuma tun babanku yana da ƙarfin tunawa ku zaunar dashi ya faɗa muku sunan mai rigar na farko, a ina aka ɗinka, wane sarki ne a kan gado lokacin, a wane biki ake sata, ku rubuta a takarda ku ajiye tare da hotunan. Rigunanmu da yawa da ke waje abunda aka rubuta a jikinsu bai wuce “Arewacin Najeriya” ba, babu sunan masaƙi babu na maɗinki babu na wanda ya saka, kuma wannan yana min ciwo ƙwarai.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce bani da kuɗin suzani, amma ina son in fara tarawa. Yadin bugu irin atamfa shima ana lissafa shi ko sai mai aikin allura? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

AMSA: 'Yata ana lissafa shi mana, tarihin yadin bugu ma yafi faɗi. Indiyawa ne iyayen gidan wannan sana'a, a tsohuwar Alƙahira wajen da ake kira Fustat an tono guntayen audugar Gujarat masu bugun hatimin katako da suka shekara ɗaruruwa, sama da guda 1,000 suna gidan tarihin Ashmolean a Oxford ta Ingila. A ƙarni na 17 da yadin Indiya mai furanni ya shiga Turai, wanda ake wankewa launi baya zuba, mata suka rufar masa har masaƙan ulu da siliki suka tada hankali, Faransa ta haramta shi a 1686 bata janye ba sai 1759, Ingila ma tayi tata dokar a 1721. Da aka janye a Faransa ne wani mai suna Oberkampf ya buɗe masana'antarsa ta bugun yadi a garin Jouy a 1760. A can Indonesiya kuma akwai batik na tsibirin Jawa da ake zana shi da narkakken kaki kafin a rina, shi Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, bai karɓu a can ba sai ya samu kasuwa a gaɓar ƙasarku ta Gana a ƙarshen ƙarni na 19, to kinji asalin atamfar da muke ɗaurawa. Kamfanin Vlisco mai buga atamfa da ke Helmond a Holan tun 1846 yake.

Yadda zaki bambance, nan ma juyawa zakiyi. Batik na hannu da atamfa mai kaki ta gaske launinsu gaba da baya kusan ɗaya ne saboda tsoma su akeyi a rini, na kwaikwayo kuwa bayansa fari-fari ne. A batik na hannu babu fure biyu da suka zama iri ɗaya sak. A bugun hatimin katako in kin bi da ido zaki ga inda hatimi ya ƙare wani ya fara, wani wajen sun ɗan hau juna wani wajen sun bar siririn fili.

Ki fara da abunda ke kusa dake kuma ki tsaya a abu ɗaya ki san shi sosai. Akwatin kakarki da na ƙawayenta, tsofaffin zannuwan da aka daina ɗaurawa, musamman waɗanda aka buga don wani taro, na samun 'yancin kan Gana a 1957 ko na Najeriya a 1960 ko na bikin al'adu na FESTAC a 1977. Atamfofin masaƙun Kaduna ma yanzu sun zama tarihi tunda yawancin masaƙun Kakuri sun rufe. Ki kula da bakin zanin inda ake buga sunan kamfani da lambar zane, kar ki bari tela ya yanke shi, shine shaidarki. Ki sayi ɗan littafi, kowane zani ki rubuta wa ya baki, yaushe ta saya, me matan lokacin suke kiran wannan zanen.

TAMBAYA: Na sayi wani mayafin Punjab, phulkari, a Dubai, gefe ɗaya ya cinye. In yanka mai kyan inyi rigar filo? Daga wata uwargida a Abuja.

AMSA: Hajiya kar ki yanka dan Allah. Phulkari ta baya ake ɗinka shi, mace tana ƙirga zaren yadin ɗaya bayan ɗaya bata ganin gaban sai ta juya, da silikin da ba'a murɗa ba, shi yasa yake wannan sheƙin kuma shi yasa baya jure gogayya, in kika yi filo dashi wata shida ya isa zaren ya tsittsinke. Raba Punjab da akayi tsakanin Indiya da Pakistan a 1947 ya tarwatsa gidaje da yawa da kayansu, tsofaffin da suka tsira cikakku basu da yawa. Ki ɗinka shi a hankali a kan wani yadin auduga mai ƙarfi wanda ya fishi faɗi, ki rataya a bangon da rana bata bugawa, bayan wata uku ki sauke ki naɗe ya huta.

TAMBAYA: Kafur yana maganin asu? Na ga ƙananan ramuka a wani shawul na Kashmir da na gada. Daga wani malami a Garwa.

AMSA: Malam kafur yana ɗan korar asu in akwatin a rufe yake ruf, amma kar ka dogara dashi a kan ƙwan da ke ciki, kuma kar ya taɓa jikin yadin. Tunda ulu ne har ramuka sun fito, ka ware shi daga sauran kaya yau ɗin nan. Ka naɗe shi a farin zani, ka sa a leda ka matse iskar ka ɗaure sosai, ka sa a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifiri ya kwana 14, ka nemi inda wuta bata yankewa ko da wajen masu sayar da ƙanƙara ne, don in yana narkewa yana sake daskarewa aikin bazai yi ba. In ka fito dashi kar ka buɗe ledar sai ya kwana ɗaya ya dawo daidai da zafin ɗaki, sannan ka cire shi daga ledar, ka share akwatin lungu-lungu kafin ka mayar.